Ɗigo Uku a Bayan Janti

*Shafi na 23*

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto min "ko kin mutu ne" sau huɗu a rana ɗaya. Ban mutu ba, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Masu cewa kuma Illia ya cika sanyin hali, an kashe masa ƙane ya zauna yana goge ƙarfe, to ku gyara zama. Yau zan ga bakinku.

Sababbin shigowa, don kar ku ishe ni da tambaya: Illia mutumin Tahoua ne, a Sabha yake sana'ar gyaran janti, wato ƙarfen nan mai walƙiya da tayar mota ke zaune a kansa. Ƙanensa Younoussa lebura ne. Wata bakwai da suka wuce yana shafa fenti a dakalin bakin titi, mota ta hau ta take shi ta gudu. Ya bar matarsa Hindatou da ciki, ta haifi mace aka sa mata Bara'atu. Abokinsa Attahirou, direban wani ɗan kasuwa, shi ya yi ta ɗawainiya da ita, yanzu kuma shi zai aure ta da yardar Illia. Shi ke nan, mu je.

*

Ƙarfe tara na safe wata farar mota ta tsaya a ƙofar warsha, kamar yadda ake kiran gareji a garin. Shekarar 2008 ce, kuɗin mai ya sa ko'ina ka duba a Sabha titi ake shimfiɗawa ana jera masa dakali, kowa kuma ya sayo mota tun kafin ya iya juya ta. Shi ya sa Illia ba ya rasa aiki. Dakali ya ci bakin janti, shi ya gyara.

Attahirou ya fito da baƙin gilashinsa da ba ya rabuwa da shi, ya ɗan rusuna.

"Salamu alaikum, Yaya Illia."

"Wa alaikumus salam. Ango, yau kai ne a warsharmu? Wagga motar ban santa ba."

"Ta mudir ce, maigidana. Ba ya bari a hita da ita sai tahiya ta musamman."

"To mi ya same ta?"

Attahirou ya nuna tayar gaba ta dama. Illia ya tsugunna ya shafa. Bakin jantin ya yi kaca-kaca tsawon taƙi guda, fentin ya ɗaye, ƙarfen ya tattashi kamar an gwagwiye shi.

"Kai kuwa ina kake kallo ka hau dakali haka?"

"Wani ne ya matse ni a shataletale. Don Allah Yaya, in da hali a gama kahin la'asar. Kar mudir shi gani."

"Zauna."

Illia ya kafa jak, ya warware noti biyar, ya ciro tayar ya sace mata iska. Ya kifa jantin a kan tsohon bargo don ya wanke baƙar ƙurar birki da ke bayansa. Haka yake yi kullum, ba ya taɓa gaba sai ya wanke baya. Yana cikin cuɗawa da soso, ɗan yatsansa ya faɗa wani ɗan rami. Ya sake shafawa. Ramukan uku ne, a jere, a bayan hannu ɗaya na jantin.

Soson ya suɓuce ya faɗi cikin ruwa.

Bari in tuna muku. Gidan su Illia gidan maƙera ne. Duk fartanyar da ubansa ya ƙera sai ya buga mata ɗigo uku a gindi, shi ma da ya zo Libiya bai yar da al'adar gidansu ba. Duk jantin da ya gyara sai ya ɗauki ƙusa ya buga masa ɗigo uku a baya, inda mai mota ba zai taɓa gani ba. Irin wannan janti kuwa, mai hannu biyar masu lanƙwasa, sau ɗaya tak ya taɓa shiga hannunsa.

Ranar da Younoussa ya rasu ne. Illia ya dawo daga sayen fenti ya tarar da janti a ƙofa, mai warsha ya ce wani ɗan tasi ne ya kawo, a gama kafin azahar. Bakinsa ya ragargaje, ga ɗanyen fenti ruwan ɗorawa ya cika ƙujewar. Illia ya zauna ya kankare shi tas, ya goge, ya cike, ya fesa, har yana yaba wa kansa. Sai da la'asar aka zo aka ce masa mota ta take ƙanensa yana shafa wa dakali ruwan ɗorawa.

Da hannunsa ya goge shaidar. Wata bakwai ke nan wannan abu yana cin ransa, in yana tafiya a titi ba ya kallon fuskar kowa, ƙafafun motoci yake bi da ido.

Ya miƙe a hankali. Ya je ya ja ƙofar ƙarfen warshar ta sauko har ƙasa.

Attahirou ya ce, "Lahiya Yaya? Da hantsi haka?"

"Ƙura ke shigowa. Tana ɓata hwenti."

Ya ɗauki guduma. Bai zo ta gabansa ba, ta bayan benci ya zagaya, ya tsaya daf da kafaɗarsa ta dama. Ya ɗaga gudumar ya kawo ta kusa da kuncinsa, saura yatsa biyu ta taɓa gilashin. Ya riƙe ta a nan. Attahirou ko gezau, yana ta kallon inda Illia ya tashi.

Wallahi a wannan lokacin da zuciya ta ɗebi Illia da an gama labarin nan a shafi na ashirin da uku.

"Attahirou."

Ya zabura ya juyo gaba ɗaya, sai ga guduma a hancinsa.

"Innalillahi! Yaya mi ne ne haka?"

"Cire madubin nan."

"Rana ce ke damuna..."

"Nan ba rana. Cire."

Ya cire. Idon dama ya yi fari fat, yanar ido ta rufe shi ruf.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun bara."

"Mudir ya sani?"

"In ya sani aikina ya ƙare."

"Shi ya sa dut abin da ke damarka ba ka ganinshi. Dakali ba ka gani. Mutum ma ba ka gani."

Illia ya jawo jantin ya dire shi a gabansa, ya kama yatsansa da ƙarfi ya ɗora a kan ramukan.

"Ƙirga."

"Yaya..."

"Na ce ƙirga!"

"Uku."

"Hannuna ne. Ni na buga su ranar Talata, wata bakwai da sunka wuce, da ɗanyen hwenti a bakinshi. Kai ka ce min wagga motar ba a hita da ita sai tahiya ta musamman. To wace tahiya ta musamman ka yi ranar da anka take Younoussa?"

Attahirou ya sulale daga kan benci ya zube a ƙasa. Ya kama ƙafar Illia, Illia ya fizge.

"Wallahi tallahi ban san shi ne ba! Ya naɗe huskarshi da rawani saboda rana, yana duƙe. Ƙara kawai na ji, motar ta yi sama ta dawo. Na duba madubi na ga mutum kwance."

"Sai ka tsaya."

"Ba ni da takardu, Yaya. Ka san abin da shurɗa, 'yan sandan garin nan, za su yi wa baƙo da ya take mutum da motar Balarabe."

"Sai ka tsaya, na ce?"

"Ban tsaya ba."

"Da ɗan wani ne shi ke nan, ko? Don ya zamo namu ne abin ya dame ka."

Attahirou ya kifa kai yana kuka. Illia ya tsugunna a gabansa, muryarsa ta yi ƙasa sosai, irin ƙasan da ya fi tsawa ban tsoro.

"Ka san awa nawa ya yi a kwance? Biyu. Leburorin da suke tare dut sunka watse don kar a tambaye su takardu. Mai shagon da ke wurin ya ce min ruwa yake ta kira. Da ka ɗauke shi ka yar a ƙohwar asibiti ka gudu, da yanzu shina ɗauke da ɗiyarshi."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai ka zuba ruwa ina cuɗa gawarshi. Kai ka kama min makara ta gaba. Ka zauna kan tabarmata kwana bakwai kana amsa gaisuwa, mutane na cewa Younoussa ya yi dacen aboki. Sannan ka aiko dattawa neman matarshi, na ce wa ya hi ka cancanta."

"Don in rama mishi ne. Na ce in riƙe mishi iyali har in mutu."

"Ka kashe shi, ka gaje shi."

"Yaya kar ka ce haka."

"Kuma dut warshoshin Sabha ka rasa inda za ka aika jantin sai wurina."

"Kai ɗai na sani. Na ba ɗan tasi don kar a gan ni. Da yamma na ji sunan wanda ya rasu, na so in haɗiye raina. Yau ma da zan kawo sai da na yi ta juyawa, na ce ai an gyara, ba abin da ya rage. Kuma in na kai wani wuri ka ji labari, ka ce surukinka ya raina aikinka."

Surukinka! Ku ji min ƙarfin hali. Ni da nake rubutawa ma sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Illia ya daɗe yana kallonsa. Ya tuna ranar da ya je tasha tarbar Younoussa, yaron ya sauko daga bayan mota fari fat da ƙura, leɓensa duk ya tsage, amma yana dariya. Shi ya aika masa ya zo. Shi ya ce wa tsohuwarsu ta kwantar da hankalinta, Libiya akwai aiki, kuma yana hannunsa.

Kai ƙara ba ta taso ba, ya sani. Shi kansa takardunsa sun mutu, mai motar kuwa ɗan gari ne. In aka je gaban hukuma ba a san wanda zai kwana a ciki ba.

Ya miƙe ya ajiye gudumar.

"Tashi."

"Yaya?"

"Tashi ka share huskarka. Abin da Allah ya rubuta ba mai kankare shi. Kwananshi ne ya ƙare."

Attahirou ya ɗago yana kallonsa da ido ɗaya, bai yarda da kunnensa ba.

"Ka yahe min?"

"Ina za ka da motar yau?"

Ya sunkuyar da kai.

"Samnu. Mudir ya aike ni gonarshi in ɗauko dabino."

"Kai da wa?"

"Ni ɗai."

"Kai ɗai?"

"Ni ɗai, Yaya."

"To madalla."

"Alhwarma ɗaya nake roƙo. Kar ka hwaɗa wa Hindatou. Ka bar ni in hwaɗa mata da bakina, in ta ce ba ta aurena na haƙura."

"Na yi maka alkawari. Tahi ka sha shayi ka yi sallar azahar, ka dawo ƙarhe biyu."

Yana fita Illia ya sake sauke ƙofa.

Kafin ya taɓa kowane janti da magagari akwai abin da yake fara yi, kuma yau ma bai fasa ba. Ya zare tayar daga jikin ƙarfen, ya rataye shi da igiya a ƙugiyar rufi, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen janti yakan yi amo mai tsawo kamar an taɓa kwanon sha. Wannan kuwa "tuf" ya ce ya yi shiru.

Ya sake bugawa ta wani gefen. Tuf.

Ya sauke shi, ya shafe gindin hannayen biyar da kananzir, ya goge tas, ya barbaɗa garin alli ya tsaya yana jira. Ba a jima ba baƙin layi siriri kamar gashi ya tsatso cikin farin allin. Hannu ɗaya ya tsage a gindi. Na kusa da shi ma ya tsage har rabi. Dukan farko ne ya fara tsagar a ɓoye, wata bakwai tana ci, dukan yau ya ƙarasa buɗe ta.

Duk mai wannan sana'a ya san hukuncin irin wannan janti. Ba a cike shi, ba a fesa shi. Kiran mai mota ake yi a nuna masa, a ce ya jefar ya sa safaya. Cikin gari yana iya lallaɓawa ya yi sati. Amma a miƙaƙƙen titin Samnu, da zafin kwalta, da gudun da direbobi ke yi a can, rami ɗaya ya ishe shi.

Illia ya ce a fili, "Ba ni na tsaga ba. Shi ya tsaga abinshi, a kan ƙashin ƙanena."

Ya goge allin da tsumma.

Sai ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yin mai kyawunsa ba tun zuwansa Sabha. Ya bi bakin jantin da magagari ya kwantar da duk ƙarfen da ya tashi. Ya bi da samfefa mai kaushi, ya koma mai laushi. Ya kwaɓa mastik, ƙullun nan da ake cike rami da shi, ya shafe ƙujewar da bakin wuƙa. Da ya zo gindin hannayen nan biyu sai ya ajiye wuƙar, ya lakato da babban yatsansa ya danna cikin tsagar, ya lailaye har ta ɓace.

Hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Ni dai na so ya yi, bai yi ba.

Ya fitar da shi rana ya bushe, ya goge da jiƙaƙƙiyar samfefa har in ka rufe ido ka shafa ba za ka ji gaɓa ba. Ya fesa fentin ƙasa, ya fesa ruwan azurfa sau biyu, ya bi da mai sheƙi. Ladan ya kira azahar yana ji, ya ce bari ya gama. Ranar Sabha ba ta wasa, kafin ƙarfe biyu komai ya kama. Ya mayar da taya, ya ba ta iska, ya ɗaura a gaba ta dama, ya ɗaure notin nan biyar tamau.

Attahirou ya dawo ya sake kaya, ya sa farar shadda yana ƙamshin turare. Ya tsaya yana kallon jantin baki buɗe.

"Tabarakallah. Kamar yau anka ciro shi daga kwali."

"Dabino za ka ɗauko da wagga kwalliya?"

Ya yi 'yar dariyar kunya yana sosa ƙeya.

"Akwai mutanen garinmu a gonakin, sai an gaisa."

"To ka taka ta sosai, ka dawo kahin magariba. Da idon nan naka duhu ba naka ba ne."

"In sha Allahu. Yaya, abin da ka yi min yau, uwa ɗaya uba ɗaya ma..."

"Tahi, rana na yi."

Motar ta ja, jantin yana walƙiya. Illia ya bi ta da ido har ta sha kwana. Ya jira ya ji daɗi, daɗin bai zo ba, amma nadama ma ba ta zo ba. Ya yi alwala ya tada sallah, bai san abin da ya karanta ba.

Yana sallamewa wani tunani ya zo masa. In labari ya iso an jima, Hindatou za ta yi kuka. Za ta yi birgima a kan makashin mijinta, mata su taru suna ba ta haƙuri, a ce an yi rashin mutumin kirki. A'a. Wannan kam ba zai bari ba. Alkawarin da ya yi wa Attahirou bai kai masa ƙurar takalmi ba. Sai ta san ko wane ne kafin a kawo gawarsa.

Ya rufe warsha, ya tsaya ya jira tasi har ta cika, ya nufi unguwar Hajara, inda Hindatou take zaune.

Ku sani, Illia wan miji ne. Tun da aka kawo Hindatou bai taɓa zama sun yi hira ba, bai taɓa tsallaka ƙofar ɗakinta ba. In ya kawo cefane daga waje yake sallama, a karɓa, ya juya. Zancen jego kuwa, an yi wanka, an sha kunu, kwana nawa aka yi, ba abin da ya shafi kunnensa. Duk yana hannun Talatou, dattijuwar da ke haya a ɗakin farko, ita ta yi mata wankan jego.

Ita ya tarar a zaure ta miƙe ƙafa tana shafa man zafi a gwiwa.

"Salamu alaikum, Inna Talatou."

"A'a, Illia ne da ranar nan? Maraba. Ka ganni nan, ƙahwa ta ɗaure ni."

"Allah shi sawwaƙe. A yi min magana da mai jego."

"Wace mai jego kuma? Ai jego ya ƙare." Ta yi dariya. "Ku maza ba ku san komi ba. Yau arba'in, ɗana."

"To madalla. A ce ta hito, magana ce mai nauyi."

"Ta hito ina? Ai sun tahi."

"Ina?"

"Yawon arba'in mana. Ba za a kai jinjira dangi su sa mata albarka ba? Gwaggonta Zénabou na can Samnu, ga mutanen garinku cike da gonaki, tun ranar suna suke aiko a kawo musu ɗiyar Younoussa su gani."

Illia ya dafa bango.

"Samnu."

"Samnu. Da ni za a tahi, gwiwa ta hana, sai na haɗa su da ɗiyata Nafi, ka san ba a barin su su biyu tunda ba a ɗaura ba. Ka ga kitson da anka yi wa Hindatou kuwa? Ita Bara'atu har kwalli na ranbaɗa mata."

"Inna, a wace mota?"

"Ka ji ka da tambaya. Ta angon mana. Ya roƙo mudir ɗinshi wata hwara ƙal, ƙahwahunta na ɗaukar ido, unguwa dut an hito kallo."

"Ce min ya yi shi ɗai za ya."

Talatou ta tafa hannu tana ƙyalƙyala dariya.

"To mi kake so shi ce? Shi dubi tsabar idon wan miji shi ce zai ɗauki matar ƙanenka su tahi yawo? Ai yaron na da kunya. Ita ma ta ce kar a hwaɗa maka, nauyinka take ji."

"Tun yaushe sunka tashi?"

"An ɗan jima. Yanzu kam sun bar gari, in ba sun tsaya sayen tsaraba ba. Illia? Kai, mi ya samu huskarka?"

Ya zaro waya, sau biyu yana danna lambar da ba ita ba. Ya samu ta Attahirou. Ta yi ƙara sau uku aka katse.

Ya sake kira. Aka katse tun a ƙarar farko.

Talatou ta daina dariya. Ta janyo ƙafarta ta dafa ƙasa tana ƙoƙarin tashi.

"Ɗana ka hwaɗa min. Nafi na cikin motar nan."

Lambar Hindatou tana wayarsa tun ranar rasuwa, bai taɓa kiranta ba. Ya danna. Tana ta ƙara, tana ta ƙara, har ya fid da rai, sai aka ɗauka. Iska ce ta fara cika masa kunne, da kukan injin da aka take sosai, da 'yar muryar jaririya tana ƙunƙuni.

"Salamu alaikum, ina wuni Yaya," in ji Hindatou, murya can ƙasa don kunya.

"Hindatou, kuna ina?"

"Mun wuce shingen bincike tun ɗazu. Yaya ka yi haƙuri ban..."

"Ce mishi shi tsaya! Yanzu, yanzu! Shi rage gudu a hankali, kar shi taka birki da ƙarhi!"

"Shi tsaya? Lahiya? Ko don ƙarar nan ce? Tun ɗazu Nafi ke cewa tana jin wani abu ƙas-ƙas ta gaba, ya ce tsakuwa ce."

Illia ya durƙusa a ƙasan zauren.

Daga can ya jiyo muryar Attahirou. "Wa ke magana?"

"Yaya Illia ne."

"Miƙo wayar."

"Ya ce wai ka..."

"Miƙo nan na ce!"

Aka yi 'yar kokawa da wayar, sai numfashin Attahirou ya cika ta, yana magana ƙasa-ƙasa don kar na baya su ji.

"Yaya, ka yi min alkawari. Ka ce za ka bar ni in hwaɗa mata da bakina."

"Ba wannan ba ne! Attahirou ka saurare ni, don girman Allah ka ɗaga ƙahwarka, jantin nan na..."

Ƙit.

Ya sake kira. Wayar Hindatou a kashe. Ya kira ta Attahirou, ita ma a kashe.

Talatou ta riga ta miƙe, ta cakumi wuyan rigarsa da hannu biyu.

"Mi ka yi wa jantin, Illia?"